Sharhin littafin binciken kisa: yaya ake auna shi ba tare da an fasa ƙwai ba?

Ummu_Alƙalami

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa marubuta. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba da sharhin littattafai. An miƙo mini ƙagaggen labari na binciken kisa, shafi 240, babi 32, ana son sharhin da bai wuce kalma 800 ba. Sharhin labarin soyayya ko na zamantakewa hanyarsa a buɗe take: a faɗi jigo, a duba taurari, a taɓa salo. Wannan kuwa ƙarfinsa da rauninsa duk suna cikin babi uku na ƙarshe, wurin da ba ni da ikon taɓawa. In na ce warwarar ba ta gamsar ba, za a nemi hujja. In na kawo hujjar, na kashe wa marubucin kasuwa, na kuma ɓata wa masu karatu.

Na biyu, ni ma irin wannan labarin nake rubutawa, kuma tun a babi na 9 na gano mai laifin. Raunin littafin ne, ko idon mai sana'a ne ya hango? Da me ake rabewa?

Malam_Na-Ƙofar-Mata

Wa'alaikumus salam. Malama, bari in fara da ta biyun, don amsarta ce za ta buɗe ta farkon.

Gano mai laifi iri biyu ne. Akwai wanda labarin ya ba ki: mutum ya rantse bai taɓa shiga ɗakin ba, sai ga shi a gaba ya san ta wane gefen gado aka ajiye kofin. Akwai kuma wanda sana'a ta ba ki: kin lura an wanke wani tas a babi na 5, an daina waiwayarsa, amma ana ta sako shi cikin fitowa ba tare da wani aiki ba, sai kika ce a ranki, in ni ce a nan zan ɓoye shi. Tela yana ganin inda aka haɗa ɗinki, mai sa riga ba ya gani. Na farkon ana ɗora wa littafi, na biyun ba a ɗora masa. Hanyar rabewa ita ce rubutu a take: duk shafin da zarginki ya sauka kan wani, ki rubuta suna da lambar shafi da dalili a jimla ɗaya. In dalilin yana da layin da za ki nuna da yatsa, alamar ta fito fili da yawa. In dalilin "ai haka ake yi" ne, ki bar shi a aljihunki.

Karatu biyu ake yi, kuma ba a haɗa su. Na farko karatun mai saye ne: zama biyu ko uku, fensir a hannu, ba komawa baya. Ban da zargi, ki yi wa wuri biyu alama: inda hankalinki ya gudu kika ajiye littafin, da inda kika rasa wane ne wane. Waɗannan ba za ki sake samunsu ba, domin wanda ya san ƙarshe ba ya gundura a inda baƙo yake gundura. Kina isa bakin babin warwara, ki rufe littafin ki rubuta taki amsar: wa, ta yaya, don me. Littattafan farko na Ellery Queen a Amurka shafi guda suke warewa a daidai wannan gaɓar, su ce wa mai karatu, duk abin da mai binciken ya sani kai ma ka sani yanzu, bismilla. Ko marubuci ya sa wannan shafin ko bai sa ba, da shi za ki auna shi.

Karatu na biyu daga ƙarshe ake farowa. Ki ɗauki bayanin mai binciken ki tsinke shi ginshiƙi-ginshiƙi. Da wuya su wuce biyar ko shida. Kowanne ki koma ki nemo shafin da aka fara dasa shi. Sai ki ja layi biyu a takarda: na sama abin da ya auku a daren da gaske, awa bayan awa, na ƙasa yadda aka riƙa gutsura wa mai karatu. Sannan jadawali, kowane abin zargi da layinsa: me zai samu in mamacin ya mutu, yana da halin aikatawa ko babu, ina ya ce yake, wa ya gan shi, wace ƙarya ya yi, me yake karewa da ita. Shafi 240 zai ci miki yini guda a wannan aikin.

Ga misalin yadda alamar adalci take. A babi na 2 an faɗa a wuce cewa mai aiki tana cika wa Alhaji buta kowane dare bayan isha'i. A babi na 4 tana lissafa abin da ta tarar a turakarsa da safe: darduma a shimfiɗe, casbi a kanta, rediyo yana ta magana, rabin kofin shayi, buta cike a bakin ƙofa, takalma a jere. Idon kowa kan shayin zai sauka, ana tunanin guba. Amma buta tana nan cike, ke nan Alhaji bai yi alwalar asuba ba. Wani ne ya shimfiɗa dardumar don a ce ya yi salla kafin ya cika, ta haka wanda ya bar gidan tun tsakar dare ya wanku. An faɗi komai. An dai raba alamar gida biyu, aka cusa rabin a tsakiyar jeri, aka ajiye abu mai ɗaukar ido kusa da shi. Mai karatu in ya koma shafin zai dafe kai ya ce ai kuwa ga ta. Wannan dafe kan shi ya biya kuɗi ya saya. Zalunci kuwa shi ne a babi na 31 mai binciken ya ce "tun ranar farko na lura butar cike take", alhali ba a taɓa ambaton buta ba.

Ginshiƙi marar shafi shi ne babban aibi, amma yana da ƙanne. Akwai ɓad-da-sawun da ba a biya ba: amarya ta yi ƙarya kan inda take bayan isha'i, aka bi ta babi shida, sannan aka manta da ita, har littafi ya ƙare ba a faɗi abin da take ɓoyewa ba. Kowace ƙarya a labarin bincike bashi ce a wuyan marubuci. Akwai warwarar da ba ta rufe ƙofa ba: ki gwada hujjojin nan biyar a kan mutum na biyu a jadawalinki, in sun zauna masa daram, to mai binciken bai tabbatar da komai ba, sa'a ya ci mai laifi ya fashe da kuka ya amsa. Da ikirari ake yawan toshe ramin da hujja ta kasa cikewa. Sai mai laifin da bai shigo ba sai babi na 27.

An daɗe da rubuta waɗannan a matsayin ƙa'ida. S. S. Van Dine, marubucin labaran bincike a Amurka, ya jera ashirin a 1928, Ronald Knox, wani limamin Katolika a Ingila, ya jera goma a 1929: a ambaci mai laifi tun da wuri, kada a kawo gubar da kimiyya ba ta sani ba, kada katari ya warware wa mai bincike matsala, kada tagwaye su ɓullo ba a shirya mu ba, mai bincike ya baje duk alamar da ya tsinta. Ki ajiye su kusa a karatu na biyu.

Hajiya_Mai-Tarke

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya gama da awo. Ƙanwata, ni kan rubutun zan tsaya, don a nan ake ɓarin.

Abin da kike da ikon bayarwa daga labarin shi ne abin da ke bangon baya da rubu'in farko. A littafinki shafi 60 ke nan. Gawar farko taki ce in ta faɗi cikin wannan iyakar. Ta biyu ba taki ba ce, domin duk sunan da kika ce ya mutu kin cire shi daga zargi.

Fasa ƙwan da ake yi da kyakkyawar niyya ya fi na ganganci yawa. "Wanda ba ka taɓa zato ba ne" yabo ne a bakin mai sharhi, a kunnen mai karatu kuwa umarni ne ya watsar da mutum ukun da aka fi zargi ya sa ido kan salihin gidan. Ki jera waɗanda ake zargi ki tsallake ɗaya, an gane. Ki ba wani ƙaramin tauraro sakin layi guda na yabo, an gane. Ki ce dabarar irin ta wani sanannen littafi ce, kin tona biyu a lokaci ɗaya. Ga kuma tarkon da harshenmu ya ɗana: Hausa ba ta barin ki yi maganar mutum ba ki faɗi jinsinsa ba. Ya shiga, ta shiga, makashin, makashiyar, dalilinsa, dalilinta. Harafi ɗaya ya raba jadawalin gida biyu. Ki koma ga "an" da "aka": yadda aka shiga ɗakin, abin da ya sa aka yi, hannun da ya aikata. In kin gama, ki bi sharhin layi-layi ba abin da kike farauta sai "ya" da "ta" da "-nsa" da "-nta".

Hujja ba tare da tonawa ba kuwa, ki faɗi irin aibin da adadinsa da wurinsa, ki riƙe abin da ke cikinsa. Kamar haka: "Cikin hujjoji biyar da mai binciken ya dogara da su a babi na 31, uku an nuna mana su kafin tsakiyar littafi, biyu kuwa a bakinsa muka fara jin su." Wanda ya gama littafin zai bi sawunki ya gaskata ki ko ya ƙaryata ki, wanda bai fara ba bai rasa komai ba, marubucin kuma ya san daidai inda kike nufi. A wajen yabo kada ki ba da lambar babi. In kika ce "ku lura da babi na 4", kin ɗaga butar Malam sama kowa ya gani.

Kalma 800 ga yadda zan raba ta. Kamar 120 ga wuri da gawa da mai bincike. Kamar 80 ga irin labarin, domin ba duk labarin kisa ne wasan "wa ya yi" ba: wani tun shafin farko an nuna mai laifi, abin jira yadda za a kama shi, wani ɗaki ne kulle ta ciki, tambayar ita ce ta ina, wani kuma gawar ƙofa ce kawai ta shiga rikicin gado ko na fili. Wannan na ƙarshen in kika auna shi da mudun Knox kin tauye shi. Sai 250 ga ƙulli da warwara, 250 ga mutane da harshe, ragowar ga wanda littafin zai yi wa daɗi da wanda ba zai yi wa ba. A cikin na harshen ki ɗauko guntu guda na kalma 40 zuwa 60 daga babin farko-farko, ki bar marubucin ya yi magana da bakinsa. Tattaunawar mai bincike da mai shaida ta fi komai nuna gwaninta. John Updike, wanda ya haɗa rubutun labari da sharhi, ya kawo waɗannan a ƙa'idojinsa na 1975: a fahimci abin da marubuci ya nufa kada a tuhume shi da abin da bai yi niyya ba, a kawo maganarsa kai tsaye, a taƙaita ba da labari, kada a faɗi ƙarshe.

Tona ƙarshe yana da muhallinsa, amma a nazari ne, ba a sharhin sabon littafi ba. Raymond Chandler, marubucin labaran bincike a Amurka, a maƙalarsa ta 1944 ya kwance wani littafin A. A. Milne zare-zare har da mai laifi, sai dai littafin na 1922 ne, ya shekara 22 a kasuwa. A Landan kuwa wasan kwaikwayon binciken kisa The Mousetrap tun 1952 ake yin sa, kuma a ƙarshen kowane nuni roƙon 'yan kallo ake su riƙe sirrin.

Barista_Tudun-Wada

Salam. Malam, a ba ni dama in ƙara layi na uku a takardar nan: abin da jikin mamaci da hukuma za su yi ko marubuci ya so ko bai so ba. Maƙalar Chandler da Hajiya ta ambata aikin da ta yi ke nan, ta jero abin da 'yan sanda da mai binciken gawa za su yi a zahiri, ƙullin ya rushe.

Gawa tana fara sandarewa awa 2 zuwa 6 bayan mutuwa, daga muƙamuƙi da wuya, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Zafi yana gaggauta duka. Jini yana kwanciya a ɓangaren da ke ƙasa ya kafe wajen awa 8 zuwa 12, shi ya sa gawar da aka juya bayan nan take tona cewa an taɓa ta. Lissafin da ake yi na cewa jiki yana hucewa da kusan digiri ɗaya a awa na ƙasashen sanyi ne. A ɗakin kwano a Sakkwato cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, jikin da yake 37 ba shi da inda zai huce. Likitan da ya taɓa goshi ya ce "ƙarfe biyu da kwata ya rasu" daga fim aka kwaso shi. Na gaske tazarar awoyi yake bayarwa. In wankin mai laifi ya rataya kan minti 15, sai dai waya ko mai shaida su ba da lokacin.

Fiya-fiya da danginsa na maganin ƙwari wari gare su mai ƙarfi, kuma wanda ya sha ba ya kwantawa shiru kamar mai barci: zufa, dalalar yawu, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. A gidan mutum goma ba za a ce ba wanda ya ji ba. Agatha Christie, marubuciyar labaran bincike ta Ingila, ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa gubarta take aiki yadda guba ke aiki.

Babban abin lura a labarin da aka kafa a garuruwanmu shi ne jana'iza. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi. Gwanin marubuci makami yake mayar da wannan: awa shida kacal tsakanin mai bincike da rufe hujja, masu wanka kaɗai suka ga jikin, iyali ba sa son a taɓa gawa da wuƙa. Wanda bai yi tunani ba sai ya ajiye gawar Alhaji kwana huɗu ba wanda ya ɗaga murya. In littafin ya yi na farkon, ya cancanci yabo a fili.

Ta fuskar hukuma, caji ofis ba ya riƙe maganar kisa, DPO yana tura ta sashen binciken manyan laifuka na jiha. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai dai sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'idar. Kisan da sashe na 221 na dokar Final Kod ya tanadar wa hukuncin kisa ya fi ƙarfin majistare. Tsarewa kawai yake yi, a aika fayil ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, sannan a gurfanar a Babbar Kotu, ko babbar kotun shari'ar Musulunci a inda aka ba ta hurumi. A duba lambar sashen, don wasu jihohin, irin su Kaduna a 2017, sun sake dokarsu. Ikirarin da aka samu da mari da kulki kuma, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓarsa in ba a tabbatar da cewa ba a tilasta mutum ba.

Labarin da ke faruwa a yau dole ya amsa tambaya guda: ina wayar mamaci? Tun ƙarshen 2020 aka ɗaure layukan waya da lambar NIN, ga alat na banki, ga rasit na POS. Sai ƙanana masu kayar da babban ƙulli: daren 28 ga wata babu farin watan da za a gane fuska da shi da ƙarfe goma, kuma ba a zuwa Zariya daga Kano a dawo tsakanin magariba da isha'i. Amma Malama, kada ki cika sharhi da waɗannan. Wanda warwara ta jingina da shi kaɗai za ki ambata. Sauran ki tura wa marubucin a keɓe.

Ɗan_Damagaram

Gaisuwa ga manya. Barista, ƙari kaɗan: in labarin a Zinder ko Maraɗi aka kafa shi, tsarin Faransa ake bi. Jandarma a karkara, 'yan sanda a birni, mai gabatar da ƙara na gwamnati, sannan alƙalin bincike, wanda shi ne ke jan ragamar binciken babban laifi, yana kiran shaidu ofishinsa. DPO a Maraɗi kuskure ne.

Malam, da girmamawa, ban yarda a ɗauko ƙa'idojin nan ɗungurungum ba. Knox ya hana duk wani abin gaibu, Van Dine ya hana soyayya ya kuma hana baran gida ya zama mai laifi. Don manyan gidajen Ingila da Amurka na shekarun 1920 aka yanka su. A gidan Bahaushe in aka tarar da gawa a ɗaki kulle ta ciki, kafin ɗan sanda ya iso rabin gidan sun ce jifa ne, an ambaci kishiya, wata ta aika wurin boka. Marubucin da ya share wannan ya yi wa mutanensa ƙarya. Abin aunawa shi ne a ina gaibun ya zauna. In a zukatan taurari yake, ba ɓad-da-sawun da ya kai shi ƙarfi. Mai laifi ma zai iya binne laya a bakin ƙofa don zargi ya koma kan uwargida. In kuwa a babi na 31 aka ce da layar zana aka shiga ɗakin, ba a taɓa gaya mana tana aiki a duniyar littafin ba, ba a faɗi sharaɗinta da iyakarta ba, to an cuce mu.

Akwai kuma abin da na fi so mai sharhi ya lissafa da alƙalami: dalilin kisan. Dalilin da aka fi arowa daga labaran Turawa shi ne tsoho zai sauya wasiyya, sai a riga shi. A gadon Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a yi wa magaji ita, wanda ya kashe kuma ba ya gadon wanda ya kashe. Matan mai 'ya'ya tumuni, wato ɗaya bisa takwas, suke rabawa. In su huɗu ne, kowacce ɗaya bisa 32. To amaryar da aka ce ta yi kisa don dukiya, nawa za ta samu, kuma nawa take samu yana raye? Sau da yawa lissafin kaɗai ya isa ya nuna dalilin ba ya tsayawa. Dalilai masu jijiya a nan su ne takardar fili, amanar kuɗin kasuwa da ba a rubuta ba, asirin da zai zubar da mutuncin gida.

Haka shingayen bincike. Namiji baƙo ba ya faɗawa cikin gida, matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma ba ta yawo, mai shaida ba za ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ba sai dai ta ce "shi" ko "wannan yaron". Marubucin da ya gina ruɗani a kan wannan alkunyar ya yi abin da Knox bai san da shi ba, kuma mai sharhi ya kamata ya gane shi ya faɗa.

Ummu_Alƙalami

Allah ya saka da alheri, na ja jadawalin. Saura biyu. Ni da marubucin ƙungiyar marubuta ɗaya muke. Sannan labarin a WhatsApp aka fara sakinsa shafi-shafi kafin a buga. Waɗannan suna sauya wani abu?

Malam_Na-Ƙofar-Mata

Ɗan Damagaram, na karɓi gyara, musamman lissafin tumunin. Su kansu masu ƙa'idar sun san ba a kan dutse aka sassaƙa ta ba. A 1926 Christie ta fitar da littafin da aka yi ta gardama ko ta yi wa mai karatu adalci, abokiyar sana'arta Dorothy L. Sayers ta tsaya mata. Wanda ya koma ya sake karantawa zai ga ɓoyewa aka yi masa, ba a yi masa ƙarya ba. Wannan iyakar, tsakanin ɓoyewa da ƙarya, ita ce ba ta sauyawa daga Landan zuwa Damagaram.

Malama, marubuci ya yi sharhin abokan sana'arsa ba sabon abu ba ne. Sayers ta yi wa jaridar Sunday Times sharhin littattafan bincike daga 1933 zuwa 1935 tana tsakiyar rubuta nata, Anthony Boucher ya riƙe irin wannan filin a New York Times daga 1951 har rasuwarsa a 1968. Zama ƙungiya ɗaya ba ya hanawa, ki dai faɗe shi a layi guda a farkon sharhin. Abin da ke hanawa shi ne aminci na ƙut-da-ƙut, ko tsohuwar tsama, ko in ke kika duba masa rubutun kafin a buga, ko in naki littafin mai kama da shi yana kan hanyar fitowa. A waɗannan ki mayar da aikin. Haɗarin da ya fi kusa da ke kuwa wani ne: ki yi sharhin littafin da da ke ce za ki rubuta. Duk jimlar da ta fara da "da ya sa", "da ya mayar da", "ya kamata a ce", ki tsaya a kanta. In tana nuna inda littafin ya saɓa alkawarin da shi ya ɗauka, ta zauna. In naki ƙullin take tallatawa, ki goge ta ki adana dabarar don naki.

Maganar WhatsApp tana da muhimmanci ƙwarai, kuma jadawalinki zai nuna ta. Mai saki shafi-shafi ba ya iya komawa ya dasa alama a abin da ya riga ya fita, kuma yana karanta hasashen masu bibiya kullum. Wani in ya ga an gano mutuminsa sai ya sauya mai laifi a tsakiyar tafiya. Alamar hakan: ginshiƙan warwara duk sun taru a sulusin ƙarshe, alamomin farko kuwa duk suna nuna wani mutum dabam wanda aka wanke da uzuri mai rauni. Ki kuma duba ƙarshen kowane babi. Rataya rai da aka yi don a dawo gobe, in aka jera 32 a littafi guda, yana gajiyarwa, kuma da yawansu ba a komawa a sauke su. Ki ƙirga nawa aka ɗaga, nawa aka sauke. Tunda an buga shi a takarda, marubucin ya sami damar gyara duk wannan, don haka bugun za ki auna. In kina da tsofaffin shafukan a waya, ki gwada babi biyar na farko da na bugun, za ki ga ko an koma an dasa butar ko ba a koma ba.